Faiba ta tsinke, rauta ba ta farga ba sai bayan minti uku

Ɗan Gesse:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin layi. Akwai matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a wurinmu, na ce bari in kawo ta gaban manya.

Ɗan ƙaramin kamfani gare mu a nan Birnin Kebbi, muna raba intanet ga makarantu, otal-otal, wasu ofisoshi, wata cibiyar jarrabawar kwamfuta, sai kuma 'yan POS da masu shagon buga takardu, waɗanda suka fi kowa yawa suka kuma fi kowa kiran waya. Muna sayen layi wurin manyan kamfanoni biyu, duka ta faiba. Ɗaya nasa daga Sakkwato yake gangarowa, ɗayan ta Kwantagora da Yawuri. Muna da lambar AS tamu, wato lambar shaidar kamfaninmu a intanet, da rukunin adireshin intanet da ake kira /23 daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, muna BGP da kowannensu, wato tsarin da kamfanoni ke sanar da juna hanyoyi. A cikin gida tashoshi huɗu ne a zobe: Gesse, Badariya, Kalgo da Gwadangaji, OSPF, tsarin nemo hanya na cikin gida, ke haɗa su. Mahaɗa biyu faiba ce, biyu rediyo.

A baki komai ya yi, in nan ya mutu a bi can. Amma duk ranar da katafilar masu aikin titi ta tsinke faibar babban layinmu, sai mun yi kusan minti uku cikin duhu kafin kaya, wato bayanan kwastomomi, su koma layi na biyu. Abin da ke ɗaure min kai, ina tsaye gaban rauta, na'urar da ke zaɓa wa kaya hanya, fitilar ramin da faibar ta shiga kore shar, BGP na nuna min zama da maƙwabci lafiya lau, alhali ko fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayani, ba ya wucewa. Can sai ka ga ta farga, komai ya juya, waya ta daina ƙara. A cikin zoben ma haka ne, sai dai shi wajen sakan 40 yake ci.

Mai kallon bidiyo ba ruwansa da minti uku. Mai POS da aka zare kuɗin kwastomansa takarda ba ta fito ba, ga mutum tsaye a kansa yana jiran dubu ashirin ɗinsa, shi ya san tsawon minti uku. Haka cibiyar jarrabawa lokacin rajista, yara sun yi layi tun asuba, ana tsakar ɗaukar yatsa shafi ya ƙame.

Wani ya ce in rage lokutan BGP kawai, wani ya ce BFD. Wanne ne? Kuma milisakan 50 ɗin nan na juyawa zuwa wani layi da manyan kamfanoni ke tutiya da shi, akwai yadda irinmu za mu kai can, ko sai mai kuɗin sayen na'urar miliyoyi?

Tsohon Injiniya, Gusau:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, rautarka ba ta da laifi, abin da aka ce ta yi shi take yi. Lambobin da ka faɗa ma sun tona asirin matsalar.

BGP yana aika gaisuwa ga maƙwabci duk sakan 60, kuma ba ya yanke ƙauna sai ya yi sakan 180 bai ji komai ba. Haka Cisco ke zuwa daga kamfani, haka MikroTik. Juniper ce ke zuwa da 30 da 90. To ga minti ukunka nan. OSPF kuma gaisuwa duk sakan 10, yanke ƙauna a sakan 40. Ga arba'in ɗinka. Wato kusan duk lokacin da kake cikin duhu ba neman sabuwar hanya ake yi ba, rautar ba ta ma san tsohuwar ta mutu ba.

Me ya sa fitila ke kore? Saboda faibar da ta tsinke ba ita ce a jikin rautarka ba. Tsakaninka da rautar kamfanin akwai suwic ɗinsu, na'urar haɗa igiyoyi, ko akwatin da ke juya haske zuwa waya, wataƙila a cikin ɗakinka ma yake. Guntuwar igiyar da ke tsakaninku lafiyarta ƙalau, yankewar tana can kilomita sittin a daji. Da haske ne kai tsaye daga rauta zuwa rauta, da ramin ya mutu nan take BGP ya bi shi. Kamar mai gadi ne da ke kallon ƙofar gida a rufe yana cewa lafiya, alhali katangar baya ta zube.

Akwai abin da za ka iya yi yau ba tare da ka roƙi kowa ba. Lokacin yanke ƙauna na BGP, ɓangarorin biyu ne ke faɗin nasu idan za su ƙulla zama, a ɗauki mafi ƙanƙanta. In ka sa gaisuwa sakan 10, yanke ƙauna 30, shi ma na can dole ya bi ka, sai fa in sun kafa iyakar da ba sa karɓar ƙasa da ita. Ƙa'ida ta yarda a sauko har sakan 3, amma ban ba ka shawara ba. Gaisuwar BGP a kan TCP take tafiya, kuma ƙwaƙwalwar rauta ce ke kula da ita tare da sauran hidimomi. Ranar da ta shagala da haɗiyar hanyoyi sai ta makara da gaisuwa, zama ya watse alhali layi lafiya.

Maganin gaskiya BFD ne. An yi shi musamman don wannan, ƙa'idarsa na cikin takardar RFC 5880 ta shekarar 2010, aikin Dave Katz da Dave Ward. Ba ya ɗaukar hanya ko ɗaya, aikinsa kawai ya riƙa jefa ƙananan fakiti ta UDP, lambar ƙofa 3784, tsakanin rauta da rauta. Ka ce duk milisakan 300, in uku suka ɓace a jere layi ya mutu. Ƙasa da sakan guda ke nan ya sanar da BGP ko OSPF su sauke zaman. Shi sai an kunna ta ɓangare biyu, kuma saurin wanda ya fi sanyin jiki ake bi. A zobenka duk rautocin naka ne, kunna abinka. In RouterOS 7 na MikroTik kake amfani da shi ka tabbata ya kai 7.10, daga nan aka dawo da BFD.

Sannan ka duba jinkirin da OSPF ke yi kafin ya sake lissafi. Tsofaffin na'urorin Cisco sakan 5 suke jira bayan labari ya iso, sababbi an sauko da shi milisakan 50. Wasu kuma ramin kansa yana jiran sakan 2 kafin ya yarda ya mutu. In ka gyara ganowa ka bar waɗannan, ka yi rabin aiki.

Batun milisakan 50, gado ne daga zamaninmu na SDH, tsohon tsarin layukan waya na faiba, inda zoben faiba ke juyawa cikin wannan lokaci don kada kiran waya ya yanke. Masu IP suka zo suka tarar da ma'aunin suka ce su ma sai sun kai. Kai ba ka bukatarsa.

'Yar Argungu:

Baba Injiniya ya gama da rabin farko. Malam Ɗan Gesse, bari in ƙara na wajen da nake zaune, don ni ina ɗakin sa ido na wani mai sayar da layi a Abuja, irin waɗanda kuke kira kuna faɗa.

Kaya hanya biyu suke bi. Masu fita, rautarka ce ke yanke hukunci, da ta gano layi ya mutu ta juya, an gama. Masu shigowa kuwa ba a hannunka suke ba. Muddin rautar kamfanin farko na ci gaba da shelanta wa duniya cewa /23 ɗinka ta wurinta ake bi, amsar duk abin da kwastomanka ya nema can za ta je ta faɗa rami. Sai ita ma ta gano, ta janye shelar, janyewar ta bi kamfani kamfani har Legas da ƙetare. A tsarin BGP akwai ɗan jinkiri tsakanin sanarwa da sanarwa, ƙa'ida ta ba da sakan 30 tsakanin kamfanoni, duk da na'urori da yawa yanzu sun rage. Kuma kafin rautocin duniya su haƙura sukan ɗanɗana wasu hanyoyin da su ma ta matacciyar suka biyo. Tun shekarar 2000 Craig Labovitz da abokan aikinsa suka auna wannan, suka samu matsakaicin juyawa wajen minti uku, wani har sha biyar. An samu sauƙi sosai daga lokacin, amma kada wani ya yi maka alkawarin masu shigowa za su juya cikin ƙiftawar ido.

Abin da zai taimake ka: ka shelanta adireshinka ta layukan biyu a kowane lokaci. Na ga masu ɓoye shelar layi na biyu sai na farko ya mutu, don kada kaya su bi ta mai tsada. Ranar da suka saki shelar sai a tarar matatar da kamfanin ke tace shela da ita ba ta ma san da adireshin ba, ko takardar ROA mai nuna wanda ke da izinin shelar adireshin ba ta dace ba, a yi ta kiran waya tsakar dare. In kana so layi ɗaya ya fi ɗaukar kaya, maimaita lambar AS ɗinka a ɗayan, ko ka raba /23 zuwa /24 biyu ka kuma bar /23 ɗin a duka. Kada ka sauka ƙasa da /24, duniya ba ta karɓa.

Tambaya gare ka: cikakken tebur na hanyoyin duniya kake karɓa? Hanyoyin IPv4 yanzu sun kai wajen miliyan guda. In rautarka ƙarama ce, ranar da layi ya mutu sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana sauya musu mafita, wannan kaɗai zai iya cin fiye da lokacin da ka ceto da BFD. Manyan na'urori suna da dabarar da ake kira PIC: duk hanyoyin suna nuni ga manuni ɗaya, an riga an ajiye mafita ta biyu a gefe, sai a sauya manunin kawai, ko hanya dubu ce ko miliyan lokaci ɗaya ne. In ba ka da wannan, karɓi hanyar gama-gari daga kowannensu, ka ƙara da hanyoyin cikin gida Najeriya in suna bayarwa. Mai layi biyu a Kebbi ba abin da miliyan ɗin nan ke ƙara masa sai zafin na'ura.

Na ƙarshe, duba ko GR a kunne yake a zaman. An yi shi don idan rauta ta sake tashi maƙwabta su riƙe hanyoyinta na ɗan lokaci, galibi sakan 120, kada a girgiza kowa. Yana da amfani a wurinsa, amma manufarsa kishiyar taka ce: shi cewa yake a jira, kai kana cewa a gudu. A wasu na'urori BFD zai sauke zama, GR ya riƙe matattun hanyoyin. Mai layi biyu ya kashe shi a zaman waje.

Kuma in za ka nemi BFD wurinmu, rubuto a takarda ta hannun mai kula da asusunka. In ka kira ɗakin sa ido, yaron da ke kan aiki zai ce ba ma yi, don ba shi da izinin taɓawa.

Ɗalibi, Aliero:

Ranku ya daɗe, ni ina ganin duk wannan faci ne. Me zai hana ya tafi SR-MPLS da TI-LFA gaba ɗaya, wato tsarin liƙa wa fakiti lambar hanyar da zai bi da dabarar ajiye hanyar tsira? Kowace rauta ta riga ta lissafa hanyar tsira ta ajiye tun kafin a yanke, da BFD ya yi magana ta juya ba ta jira kowa ba. LFA na farko, magabacin TI-LFA, RFC 5286 na 2008, ba ya aiki sosai a zobe. Ku ɗauki nasa mai tasha huɗu, a ce tsadar mahaɗan ɗaya ce. In Gesse zuwa Badariya ya yanke, Gesse za ta so ta miƙa wa Gwadangaji. Amma a wurin Gwadangaji, zuwa Badariya ta Kalgo taki biyu ne, ta Gesse ma taki biyu, don haka tana iya maido wa Gesse kayan, su yi ta jifan juna. Shi ya sa LFA ke ƙin zaɓenta. TI-LFA kuwa sai ya liƙa wa fakitin lamba ya ce bi ta Kalgo dole. Na gwada a kwamfuta, fakiti ɗaya ko biyu kawai ke ɓata.

Tsohon Injiniya, Gusau:

Ɗana, lissafinka daidai ne, kuma na ji daɗin yadda ka kawo misalin. Amma rauta huɗu ce. Lissafin OSPF a rauta huɗu bai kai ƙiftawar ido ba. In ya gano yankewa cikin milisakan 900, ya sake lissafi cikin 100, ya tashi daga sakan 40 zuwa sakan guda da na'urorin da ke hannunsa. Abin da kake faɗa zai rage masa ɗan guntun da ya saura, a kan kuɗin sababbin na'urori da kuma tsarin da in ya rikice ƙarfe biyun dare babu mai warware shi a garin sai shi kaɗai. Mai rauta ɗari biyu da ke ɗaukar kiran waya na jihohi, shi TI-LFA ya zame wa dole. Riƙe iliminka, za a neme ka.

Mai Rediyo, Jega:

Ni wagga magana ta milisakan tsoro take ba ni, don ni ke hawa ƙarfe. Ɗan Gesse, lambar da za ka sa ma faiba kada ka sa ma rediyo. Faiba in ta mutu ta mutu. Rediyo ba ya mutuwa, suma yake yi ya farfaɗo. Hadarin farkon damina in ya taso da iskar nan, faranti na rawa bisa ƙarfe, sigina na sauka tana hawa. Masu 11 da 18 GHz ruwan kansa ke cinye su, masu 5 GHz iska da hayaniyar maƙwabta. Da hunturu kuma da asuba sai dogon layi ya yi ta shashsheka ba gaira ba dalili, rana na ɗagawa ya warke. In ka sa ma BFD milisakan 50 sau uku a nan, cikin minti goma OSPF zai faɗi ya tashi ba adadi, kowane faɗuwa duk zoben sai ya sake lissafi. Kwastoma ya gwammace layi mai ɗan tsamin jiki da wanda ke ɗauke numfashi kowane sakan ashirin.

A rediyo ni nakan sa milisakan 500 sau biyar, wani wurin sakan guda sau uku. Kuma ka ba fakitin BFD fifiko a layin jira, in ba haka ba da yamma da layi ya cika shi za a fara zubarwa, rauta ta ce layi ya mutu alhali cika ya yi. Sannan dawowa: in layi ya farfaɗo kada a koma mai nan take, a bari ya yi minti ɗaya ko biyu tsaye tukuna. Masu gyaran faiba ma in suna haɗi sukan sa haske ya zo ya ɗauke kafin su rufe akwati.

Sai tambaya guda da ba wanda ya yi. Ka ce ɗaya daga Sakkwato, ɗaya daga Yawuri. To duka biyun nan Jega suke haɗuwa in dai titi suka biyo. Daga Jega zuwa Kalgo zuwa Birnin Kebbi fa, ramin igiya nawa ne a ƙasa? Kamfani biyu ba shi ne rami biyu ba, da yawa haya suke a igiya guda. Ka tuna 14 ga Maris 2024, da igiyoyin teku huɗu, WACS, ACE, MainOne da SAT-3, suka yanke lokaci guda wajen gaɓar Kwaddibuwa. Manyan da ke ganin sun sayi layi daban-daban sun sha mamaki. Ka nemi su nuna maka taswirar inda igiyar ta bi, ka tambaya ko akwai mai zuwa ta Argungu.

Ɗan Gesse:

Allah ya saka da alheri, Baba Injiniya, Hajiya 'Yar Argungu, da sauran 'yan uwa. Ga inda aka kwana.

Zobe: na kunna BFD, 300 sau uku a faiba, 500 sau biyar a rediyo kamar yadda Mai Rediyo ya ce, na rage jinkirin lissafi. Gwajin da na yi, ban zare igiya daga rauta ba don wannan yaudarar kai ce, ramin zai mutu nan take. Na je suwic ɗin tsakiya na toshe hanyar a can, fitila na kore. A faiba ping ɗaya, wato fakitin gwaji, ya ɓata, a rediyo uku. An yi ruwa da iska daren Talata, na zauna ina kallon rajistar rauta, mahaɗar Kalgo ta faɗi sau ɗaya ta dawo, ba ta yi ta rawa ba.

Waje: na daina karɓar cikakken tebur, ƙwaƙwalwar rauta ta sauke numfashi. GR a kunne yake, na kashe. Kamfani ɗaya ya amsa takarda ya kunna BFD, amma ya ce ba ya sauka ƙasa da 500 sau uku, na ce na gode. Ɗayan har yanzu ana dubawa, don haka na sa masa 10 da 30, ya kuma karɓa. Da muka gwada da na farkon, masu fita sun juya cikin sakan biyu, masu shigowa wasu nan da nan, wasu sun kai kusan rabin minti. Hajiya, maganarki ta fito.

Ɗalibi, in ka zo gari ka biyo Gesse, ina so in ga gwajin nan naka da idona.

Mai Rediyo kuwa ka hana ni barci. Na tambaya, ɗaya ya turo taswira, ɗayan ya ce sirrin kamfani ne. Sai na ɗauki mashin na bi titin Kalgo ina duba murafen ramuka da alamun da suke kafawa, kuma abin da na gani bai kwantar min da hankali ba: gefe ɗaya na titi duka alamun suke. Yanzu tunanina layi na uku da bai taɓa ƙasa ba, ko dogon rediyo zuwa Jega in karɓa daga can, ko tauraron ɗan adam. Matsalar na tauraro, irin wanda ake sayarwa gida-gida ba a BGP da shi, adireshinsa kuma na haya ne, in kaya suka koma kansa duk wani zaman POS da ke buɗe sai ya yanke. Abin da nake hange shi ne in ajiye ƙaramar rauta a wata cibiyar bayanai a Legas, in haƙa ramin WireGuard ko GRE, wato hanyar da ake naɗe fakiti cikin fakiti, ta kan tauraron zuwa can, in shelanta /23 ɗina daga can da lambar AS a maimaice. Akwai wanda ya taɓa yin haka a cikinku? Nawa kuka sa BFD a cikin ramin, kuma yaya kuka yi da girman fakiti?